Yara ba sa sauraron tatsuniya a aji, ya zan yi?

Tambaya: Anti, ni malamar firamare ce, an ce in riƙa yi wa 'yan aji 4 tatsuniya, amma da na fara karantawa sai surutu.

Amsa: Malama ajiye littafin nan tukuna, tatsuniya da baki ake yin ta. Ki ce "ga ta nan ga ta nanku" ki jira su amsa "ta zo mu ji ta", in an zo kan Gizo ki yi tsamin bakin nan nasa, waƙar ciki kuma ku rera tare har da tafi. Labarin Bayajidda kam raba musu za ki yi, wannan Daurama, wancan macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ran Juma'a, guga da igiya kawai za ki nemo. Wallahi har na bayan aji sai sun matso gaba.