Tuwo Na Tsaya Wa Baffanmu A Ƙirji: Ciwon Mahaifinmu Ne Ya Dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifinmu. Sai a ƙarshen jinyarsa aka gano kansar maƙoshi ce, ta bututun da abinci ke bi zuwa ciki, a lokacin ko ruwa ba ya wuce masa. Yanzu ƙaninsa, baffanmu, wata huɗu ke nan tuwo da nama na tsaya masa a ƙirji sai ya kora da ruwa. Ya koma kunu da fura, kuma ya rame. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce olsa ce. Hankalina ya ƙi kwanciya. Shin ciwon nan gado ne? Akwai gwajin jini da mu 'ya'ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba baffa lafiya.

Gado tsantsa a wannan ciwo kaɗan ne ƙwarai. Wanda aka fi sani shi ne na wasu dangi a Liverpool ta Ingila, da aka yi bayaninsu a 1958. Fatar tafin hannunsu da ta ƙafarsu kan yi kauri, kuma da yawansu kan kamu da kansar maƙoshi. Sai a 2012 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo hakan, RHBDF2. Akwai kuma wata ƙwayar gado, ALDH2, wadda idan ta yi rauni jiki ba ya iya kawar da gubar giya, kuma an fi samun wannan raunin a Sin da Japan da Koriya. Babu wani gwajin jini na yau da kullum da zai gaya maka ko za ka kamu. Wanda ya ce yana da shi, kuɗinka yake so.

'Yan gida ɗaya sun haɗa jini, sun kuma haɗa tukunya da murhu da butar shayi, kuma a nan masu bincike suka fi samun abin kamawa. Ciwon ya yi sansani a lardin Golestan na arewacin Iran, da yankin Linxian na ƙasar Sin, da gabashin Afirka tun daga Habasha da Kenya har Malawi da Afirka ta Kudu. Mu nan yammacin Afirka bai kai haka yawa ba. Cikin abubuwan da ke jawo shi, taba da giya su ne a gaba. A Golestan kuwa, inda giya ba ta da kasuwa, an bi mutum kusan 50,000 tsawon shekaru, aka ga masu shan shayi da tururinsa sun fi kamuwa. A 2016 hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 a ma'aunin Celsius cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa. Masu hirar shayi da masu kurɓar koko daga kan wuta, ku bari ya huce. Ana kuma zargin hayaƙin itace a ɗakin girki marar taga, da ruɓewar haƙora, da ƙarancin ganye da 'ya'yan itatuwa a abinci.

A 2021 an karanta ƙwayoyin gadon ƙarin kansar maƙoshi 552 daga ƙasashe takwas, ana neman tabon wata guba ɗaya da ta bambanta inda ciwon ya yi yawa, kamar Malawi, da inda bai yi yawa ba, kamar Ingila. An ga sawun taba da giya, amma ba a samu wannan tabon ba.

Kafin ciwon ya zama kansa akwai matakai. Mai fama da ƙwannafi shekara da shekaru, shimfiɗar ƙasan bututun kan rikiɗe, abin da ake kira Barrett. Cikin ɗari, waɗanda nasu ke komawa kansa a shekara ba su kai ɗaya ba, amma ana sa musu ido. Haka wanda ya taɓa shan ruwan sodar sabulu yana yaro, tabon kan iya juyewa bayan shekara ashirin ko talatin.

To, mu koma kan baffa, don shi ne ke tsaye a bakin rijiya, ku 'ya'ya da sauranku. Kalmar nan olsa ta ishe ni. Ƙirji ya yi zafi, olsa. Mutum ya rame, olsa. Loma ta maƙale, olsa. Kusan kowane mako sai an shigo mini da dattijo a kujerar guragu, riƙe da gwangwanin tofar da yawu, ɗansa na biye da leda cike da Omeprazole da farin ruwan magani na wata takwas. In tambaya wa ya ce olsa ce, a ce mai kemis. Da me ya duba? Da ido.

Olsa gyambo ne a tumbi ko farkon hanji. Tana sa zafi, tana iya zubar da jini, amma ba ta tare loma a ƙirji. Maƙoshi bututu ne mai miƙewa, ba ya kuka da wuri. Kafin mutum ya ji nama na tsaya masa, ƙarin ya riga ya ci wuri mai yawa. Daga nan abin na tafiya daki-daki, yau nama, gobe tuwo, jibi kunu, a ƙarshe yawun bakinsa ma ya gagare shi. Kun ga wannan da idonku a jikin mahaifinku. Abin da ya fi ba ni haushi, maganin olsar yakan rage zafin da gaske, sai iyali su ce alhamdu lillahi an samu sauƙi, alhali ƙarin na can na girma.

Idan kemis ya gaza, sai a ce sammu ne, an ba shi a abinci. A kai shi wurin mai sa amai, mutumin da ruwa da ƙyar yake wuce masa a ɗura masa jiƙo. Ko a saya wurin mai mota da lasifika a bakin kasuwa, wanda kwalba ɗaya tasa ke maganin olsa da basir da sanyi. Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi. Amma watannin da aka ɓatar su ne bambancin wanda za a yi wa tiyata da wanda sai dai mu sa masa ɗan bututu ya samu ya sha kunu. Mu ma ma'aikatan asibiti muna da namu laifin: a rubuta maganin olsa a ce ya dawo bayan wata uku, ko takardar turawa ta yi mako shida tana yawo daga tebur zuwa tebur.

Ban ce baffa na da kansa ba. Tabon ƙwannafi na iya tsuke bututun, akwai ciwon da ke hana ƙofar ciki buɗewa, akwai ƙwayar cuta mai kama maƙoshi, kuma duk suna da magani. Sai dai ba a rarrabe su da hoton ƙirji ko gwajin jini. Sai an zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki, wato endoskofi, an gani, an ɗebo ɗan nama an auna. Aikin kansa bai fi minti goma sha biyar ba.

Ka kai shi asibitin koyarwa ko na ƙwararru cikin makon nan. Kada ku ce wa likita olsa ce ke damunsa. Ku ce abinci na tsaya masa wata huɗu, ya rame, kuma yayansa ya rasu da kansar maƙoshi. In an ba ku rana mai nisa, ka koma ka maimaita waɗannan ukun har a matso da ita.