Idan Masu Neman Gurbin Firamare Sun Fi Kujeru Yawa

Tambaya: Malam, idan masu neman shiga makarantar firamare sun fi guraben da ake da su yawa, ta yaya ake zaɓen waɗanda za a ɗauka?

Amsa: Ana bin ƙa'idojin da aka bayyana tun kafin a fara karɓar takardu. A Ingila, alal misali, doka ta hana ajin 'yan shekara 5 zuwa 7 ya wuce yara 30 ga malami ɗaya. Yaran da hukuma ke riƙo su ake fara ba wa gurbi, galibi sai mai ɗan'uwa a makarantar, sannan a auna nisan gida, wanda wani lokaci 'yan mitoci kaɗan ne ke raba maƙwabta biyu. Wanda bai samu ba yana iya shiga jerin masu jira, ko iyayensa su ɗaukaka ƙara.