Sharuɗɗan da za ku gindaya wa malaman jami'a kafin su fara binciken

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko ƙungiyarku ta mata ta karɓi malaman jami'ar da ke son yin bincike da ku kan dukan mata a gidan aure, ko kuwa labari kawai za su kwasa su tafi.

Ni dai ina ganin ku karɓe su, amma da ku za a tsara tambayoyin tun daga farko. A Kampala ta ƙasar Uganda haka aka yi shirin SASA! na wayar da kan jama'a don hana cin zarafin mata, inda ƙungiyoyin Raising Voices da CEDOVIP suka haɗa kai da masana daga Landan. Sakamakon 2014 ya nuna dukan mata ya ragu da kusan rabi a unguwannin da aka yi aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaron matar da za ta buɗe baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ɗaya ake tambaya a gida, kuma a keɓe. Idan miji ko uwar miji ta ɗaga labule ta shigo, nan take mai tambaya ta juya zancen zuwa lafiyar mata. Wallahi kalma ɗaya da ta fita tana iya jawo mata duka a daren nan, ko saki.

Ku kuma tambayi malaman ina za a tura wadda ta nemi taimako. Sannan su yi alkawarin dawowa su bayyana muku sakamakon da Hausa, gaba da gaba.