Kwalin Littattafan da Dila Ya Kawo: A Ɗauka Ko A Bari?

Wani mai shagon littattafai da kayan rubutu a Birnin Kebbi ya aiko da tambaya. Ya ware naira dubu 600, sai wani dila daga Legas ya kawo masa jerin littattafan Turanci da suka yi suna, wasu kan asalin ɗan Adam, wasu kan rayuwar dabbobi da tsirrai, wasu kuma kan neman kuɗi, tare da alƙawarin ragi idan ya ɗauke su gaba ɗaya. Yana neman sanin ko ya karɓa.

Malam, kada ka ɗauki kwalin a dunƙule, domin dilan ya haɗa maka haja iri uku da ba su fita da sauri ɗaya, kuma ragin da ya ambata ladan kwashe masa kwantai ne.

Littattafan kasuwanci su ne masu tafiya. Irin su Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki, wanda ya fito a 1997, da The Richest Man in Babylon na 1926, ba su rasa mai saye a cikin matasa masu yi wa ƙasa hidima, da ma'aikatan banki, da ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru. Sai dai farin jininsu ya sa su ne aka fi yi wa bugun jabu, don haka ka buɗe kowane ɗaya ka duba kaurin takarda, da tsabtar rubutu, da ƙarfin ɗauri. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta haramta sayar da jabu, ba buga shi kaɗai ba, kuma hukumar da ke kula da ita tana iya kwashe kayan daga kanta. Ka kuma sani cewa yawancinsu an rubuta su ne da tsarin bashi mai ruwa na Amurka a zuci, abin da mai saye a nan zai iya tambayarka a kai.

Na asalin ɗan Adam kuwa masu nemansu kaɗan ne, galibi malaman jami'a da ɗaliban nazarin halittu a Birnin Kebbi da Aliero. On the Origin of Species, littafin Charles Darwin na 1859 kan asalin nau'o'in halittu, ya daɗe da fita daga kariyar haƙƙin mallaka, kowa na iya sauke shi kyauta a intanet, saboda haka ajiye shi a kanta ɗaure kuɗi ne kawai. Sapiens na Yuval Noah Harari, wanda ya fito da Turanci a 2014, ya fi shi kasuwa. Amma ka tuna cewa abincin shagonka yana fitowa ne daga iyayen yara masu sayen littafin rubutu da biro, kuma da yawansu za su ga waɗannan littattafai sun saɓa wa abin da suka yi imani da shi game da halittar Annabi Adamu. Wanda yake buƙata ya ba da rabin kuɗi, ka yi masa oda.

Na dabbobi da tsirrai sun fi tsada saboda hotuna masu launi, kuma da dala ake shigo da su. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, abin lura shi ne kuɗin da za ka sake sayo littafi, ba wanda ka sayo shi ba. A misali, idan ka saye shi dubu 20, ya yi wata takwas kafin ka sayar dubu 25, alhali sabon farashinsa ya kai dubu 27, to uwar kuɗi ka ci. Kasuwarsu tana ɗakunan karatu na makarantun kuɗi, sai ka kai wa shugabanninsu samfuri tukuna.

Ka sa dubu 150 a na kasuwanci, kwafi uku-uku, ka nemi dilan ya bar maka sauran bisa sharaɗin abin da bai fita ba cikin wata uku zai koma gare shi, a rubuce. Ragowar kuɗin ka tanade su domin kayan komawa makaranta a watan Satumba.