Agogon Gado: A Kai Shi Sabis Ko A Sayar Da Shi Yadda Yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar agogon Rolex Datejust na ƙarfe fari, wanda ya sayo a Jidda lokacin da ya je aikin Hajji a 1994. Shekara shida yana kwance a durowa. Kwanan nan na ɗaura shi, yana tafiya, amma kullum sai ya yi latti da wajen minti biyu, kuma in na girgiza hannu ina jin wani abu na gogawa a ciki. Na tambayi kuɗin sabis, abin da aka gaya min ya kusa kuɗin sabon babur. Ga shi kuma 'yan'uwana suna son a yi masa kuɗi a sa cikin rabon gado. Wani abokina ya ce in gyara shi, a goge shi ya yi ƙyalli, in sayar, in ƙara kuɗi in sayi sabon Omega in ajiye, wai agogo ya fi naira riƙe daraja. Mene ne shawararka? — Mai karatu daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Kafin komai, ɗan'uwa, cire agogon nan daga hannunka yau ɗin nan. Wannan gogar da kake ji ita ta fi damuna, ba lattin minti biyun ba. Datejust na ƙarfe da aka sayo a wancan lokacin yawanci injin da ake kira 3135 ne a cikinsa, wanda Rolex ya fito da shi a 1988. Inji ne mai ƙarko ƙwarai, amma masu gyara sun san lagonsa. A bayansa akwai wani ƙarfe mai nauyi, kamar rabin wata, da ke juyawa duk lokacin da ka motsa hannu, shi ne ke wana agogon da kansa. Ƙarfen nan yana juyawa ne a kan wata siririyar sanda. In mai ya bushe a wurin, sandar sai ta ci, ƙarfen ya fara rangaji, ya riƙa shafar jikin inji da marfin baya. In mu masu gyara muka buɗe irin wannan agogo, abin da ke fara yi mana sallama shi ne wani zobe da ya zanu a cikin marfin, sai kuma baƙin gari mai laushi kamar kwalli ya bi ko'ina. Garin nan ƙarfe ne. Yana shiga cikin sauran man da ya rage ya mayar da shi tamkar yashi. Duk ranar da ka ƙara ɗaura shi, lissafin gyaran ne ke ƙaruwa.

To me ya sa kuɗin ya kai haka? Agogon da ba ya amfani da batir, ƙarfin sifirin ne ke tafiyar da shi. Naka yana bugawa sau 8 a daƙiƙa, wato sau 28,800 a awa, 691,200 a yini, sama da miliyan 250 a shekara. Duk wannan aiki a kan ɗigon mai ne wanda in ka tara shi gaba ɗaya bai kai kan allura ba. Sabis na gaskiya kuwa ba zuba mai ba ne. Ana warware injin ne ɗaiɗai, ƙananan sassa fiye da ɗari, a wanke su, a duba kowanne da tabarau, a canza wanda ya ci, a sa sabon sifirin, a harhaɗa, a sa mai kala-kala kowanne a inda ya dace, a saita tafiyarsa a kwance da tsaye, a canza robobin da ke hana ruwa shiga, a gwada shi da matsin iska ko na ruwa, sannan a ajiye shi kwanaki ana kallon yadda yake riƙe lokaci. Rolex a yau yana saita sababbin agogunansa kada su wuce daƙiƙa 2 gaba ko baya a yini. Ka auna wannan da minti biyunka.

A wajen kamfanin, sabis ɗin Rolex na ƙarfe irin naka yakan fara ne daga wajen dala 800, ya haura dala 1,000 cikin sauƙi in an canza gilashi ko kan da ake wanawa. Omega ma kusan unguwa ɗaya suke, wanda ke da ma'aunin lokacin tsere a ciki ya fi tsada. Patek Philippe kuwa, musamman mai kalandar da ke gane shekara mai kwana 366 da kanta, maganar dubban daloli ake yi da jiran watanni. Tazarar da ake bari tsakanin sabis da sabis ma ta bambanta: Rolex yana cewa wajen shekara 10, Omega shekara 5 zuwa 8, Patek Philippe shekara 3 zuwa 5. Ni dai a ƙasarmu ba na yarda da shekara 10. Zafin bazara yana busar da roba, ƙurar hunturu ba ta neman izini, ga alwala sau biyar a yini. Ban ce ka cire shi duk alwala ba in robarsa sabuwa ce kuma kan a murɗe yake, amma roba mai shekara 30 ba ta tare komai. Kuma tsatsa ta fi cin sanda tsadar magani.

Akwai wani dalilin tsadar da mutane ba su sani ba. Manyan kamfanonin Suwizalan sun ƙuntata sayar wa masu gyara masu zaman kansu kayan gyara. Rukunin Swatch, mai Omega da Longines da Tissot, ya rufe wannan ƙofa a Turai daga ƙarshen 2015, sai ga wanda suka tantance. Shi ya sa agogon da ke ɗauke da injin gama-gari irin ETA 2824 ko Sellita SW200 ake gyara shi da araha a ko'ina, wanda kuwa kamfani ya ƙera injinsa da kansa galibi sai ka koma gidansu ka biya abin da suka yanka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai mai kanti ba ya tuna maka wannan ranar saye.

Za ka sami wanda zai ce ka kawo ya yi maka da naira dubu ashirin. An taɓa kawo min wani Omega da aka yi wa irin wannan gyaran a bakin kasuwa. Mutumin bai warware komai ba, ya buɗe baya ne kawai ya tsiyaya mai kamar mai gyaran keken ɗinki. Man ya bi ya manne siririn sifirin da ke saita lokaci, ya ɓullo ta gaba ya yi wa fuskar agogon tabo rawaya a wajen ƙarfe bakwai. Injin na wanke ya tashi. Tabon yana nan har gobe, kuma shi ya ci darajar agogon. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai masu gyara masu zaman kansu da suka iya aiki sosai, da rangwame a kan kamfani. Alamarsu ita ce suna da na'urar auna bugun agogo da ta gwajin ruwa, suna rubuta maka abin da za su yi kafin su taɓa, kuma suna ba da garanti a rubuce.

Yanzu ga shawarar abokinka, wadda ta haɗa kuskure biyu a wuri guda.

Na farko, gyara don a sayar. Kuɗin sabis ba ya dawowa cif a farashi. Dillalin da zai saya yana da mai gyaransa da ke yi masa da sauƙi, don haka in ka kashe dala 1,000 ba zai ƙara maka dala 1,000 ba. Zai gode maka a ransa ne kawai. In sayarwa za ku yi, ku sayar da shi yadda yake, ku faɗi aibinsa a fili, a rage abin da za a rage. Gugar nan kuma da ake kira foli, ita ce ta fi ɓarna. Ƙyallin ba fenti ba ne, kankare ƙarfe ake yi. Kowace guga tana cinye kaifin gefuna, ƙafafun da ke riƙe sarƙa su sirance, kuma ƙarfen da ya tafi ya tafi ke nan. Masu sayen tsofaffin agoguna sun fi son mai ƙujewa wanda ba a taɓa ba a kan mai walƙiya da aka kankare. Haka fuskar agogon. Duba ƙasan ƙarfe shida, in ka ga harafin T kusa da kalmar Swiss, to abin da ke haske da dare a jikinsa tsohon sinadari ne da Rolex ya daina amfani da shi a ƙarshen shekarun 1990. Yanzu ba ya haske, wataƙila ma ya koma ruwan madara. Kamfani zai iya ba ka shawarar a canza fuska da hannaye da sababbi, kuma galibi ba sa mayar maka da tsofaffin. Ga mai ɗaurawa gyara ne, ga mai saye kuwa an cire wa agogon shaidar shekarunsa. In ka kai shi, ka sa a rubuta: ba guga, ba canza fuska, ba canza hannaye.

Na biyu, cewa agogo ma'ajiyar dukiya ce. Na san inda maganar ta samo asali. A 2017 an yi gwanjon agogon Rolex Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman a New York a kan dala miliyan 17.8. A Disamban 2021 wani Patek Philippe Nautilus mai fuska shuɗiya ya tashi a dala miliyan 6.5. A tsakanin 2020 da farkon 2022, lokacin da kuɗi ya yi araha a Amurka da Turai kuma masu kirifto, wato kuɗin intanet, ke fantamawa, Nautilus na ƙarfe da kanti ke sayarwa wajen dala 35,000 ya haura dala 100,000 a kasuwar na hannu. Sai aka ƙara kuɗin ruwa, kirifto ya faɗi, daga wajen Afrilun 2022 farashi ya juyo ƙasa ya yi ta gangara sama da shekara biyu. Waɗanda suka saya a ƙololuwa da sunan jari har yanzu suna cizon yatsa. Kuma ko a lokacin haukan, 'yan tsirarun samfura ne na gidaje uku, Rolex da Patek Philippe da Audemars Piguet, ke wuce kuɗin kanti. Sauran, har da mafi yawan Omega, ranar da ka fito da su daga kanti sun zama na hannu, kamar sabuwar mota.

Bari in yi maka lissafin misali. Ka sayi sabo a dala 6,000. Bayan shekara takwas ka yi masa sabis da dala 800. Ka kai wa dillali ya taya dala 4,000, don shi ma sai ya ci riba. Ka ɗaura agogo mai kyau shekara takwas a kan dala 2,800. In ka ji daɗinsa, ba laifi, kuɗin ado ne. Amma ba jari ba ne.

Abin da ke ruɗar mutanenmu shi ne naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta wuce 1,500. Agogon dala 5,000 ya tashi daga naira miliyan 2.3 zuwa miliyan 7.5 yana kwance a akwati. Mai shi sai ya ce agogo ya yi riba. Agogo bai motsa ba, naira ce ta zame. Wanda ya riƙe dalar kanta ya sami daidai wannan, ba sabis, ba la'adar dillali, ba fargabar ɓarawo. Zinariya ma ta fi shi sauƙin sha'ani: a ɗora a sikeli, a duba farashin ranar, a biya ka. Agogo sai ka nemo mai so, kuma masu son irinsa da kuɗi a hannu ba su da yawa a nan.

Sai maganar gado. Hukuncin rabon na malamai ne, amma ƙiyasta kuɗin fagena ne, kuma a nan ake samun saɓani tsakanin 'yan'uwa. Wani zai buɗe intanet ya ga irinsa an sa masa dala 6,000 a Dubai ko Landan, ya ce ga kuɗinsa nan. Wancan kuɗin da mai shago ke nema ne, bayan ya yi sabis, ya ba da garanti, ya biya haya. Datejust na ƙarfe na shekarun 1990 yakan yi yawo ne tsakanin dala 4,000 da 6,000 a hannun 'yan kasuwa, ya danganta da lafiyarsa. Abin da za a ba ku a hannu yana ƙasa da haka, kuma za a cire kuɗin gyara. Adalci shi ne ku kai shi wurin masu saye biyu ko uku su taya a gaban wakilin magada, a ɗauki tsakiya. Ku bincika kayan Baba da kyau kafin nan. Kwalinsa, takardar garanti mai lambar agogon da hatimin shagon Jidda, rasit, har guntayen sarƙar da aka cire don ya zauna masa a hannu, duk kuɗi ne. Jabun Rolex na yanzu ya kai inda sai an buɗe ciki ake gane shi, don haka takarda tana kwantar wa mai saye hankali. Ku riƙe agogon a kwance ta gefe ku ga yadda sarƙar ke lanƙwasa. In ta rataya kamar wutsiya, ta saki, mai saye zai rage kuɗi a kan wannan ma.

In da ni ne kai, kuma ina da hali, zan karɓe shi a cikin rabona a kan kuɗin da aka taya, in biya 'yan'uwa abin da ya hau. Sannan in yi masa cikakken sabis sau ɗaya a wurin da Rolex ya amince da shi ko wurin ƙwararren da na ga aikinsa, ba guga, in karɓi takardar aikin in haɗa da ta Jidda. Daga nan sai gwajin ruwa duk shekara ɗaya ko biyu, wanda ba ya cin wani kuɗi, da nisantar da shi daga lasifika da murfin waya mai maganaɗisu. Ka riƙa ware kwatankwacin dala 100 zuwa 150 a shekara, ranar sabis na gaba ba za ta zo maka da mamaki ba. In kuwa ba wanda zai ɗaura shi a cikinku, kada ku kashe masa ko sisi. Ku ɗauki hoton lambarsa da ke tsakanin ƙafafu ta wajen ƙarfe shida, sai an zare sarƙa ake ganinta, ku rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, ku sallama wa wanda ya fi tayi.