Kada ka ja igiyar injin nan tukuna

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ka ce ya bar maka ƙaramin jirgin ruwa na faiba da injin Evinrude mai doki 18, ƙirar 1968, sun shekara goma sha biyar a rumfa babu mai taɓawa, kana tambaya ko ka zuba fetur ka gwada tayarwa kafin ka shiga fenti. Ni ma na gaji irin wannan daga kawuna, kuma gaggawar ce ta fara cutar da ni, shi ya sa na ce sai na yi maka magana.

Ajiye zancen fenti. Je ka bayan jirgin, wurin allon da ake rataya inji. Faiba ce a waje, amma cikinta katako ne, kuma ruwa yana bin ramukan kusoshi ya shige ya ruɓar da shi ba tare da ido ya gani ba. Ka ɗauki ƙaramar guduma ka riƙa bubbugawa a hankali. Inda yake da lafiya za ka ji ƙara mai kaifi, inda ya ruɓe kuwa sai ka ji dum-dum kamar ka daki jiƙaƙƙen buhu. Da na huda nawa ta ciki, baƙin gari mai danshi ne ya fito yana warin ruɓa. Wata biyu na yi ina kwashe shi ina sa sabon katako. In allon nan ya saki a tsakiyar ruwa, inji da jirgi duka za su tafi, don haka ban yarda a yi masa kwaskwarima ba.

Injin kuma, cire filogi biyun, ka ɗiga bakin mai kaɗan a kowace silinda, ka bar shi ya kwana biyu. Sannan ka juya fulawil, wato faifan ƙarfen da ke saman injin, da hannu. In ya juya lafiya, ka auna matsin silindojin. Abin dubawa shi ne kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. In sun yi kusa da juna, injin ya cancanci wahalarka. In ya cije, kada ka sa masa ƙarfi, ƙara mai ka yi haƙuri, ƙarfi karya ringi yake yi.

Inda na yi kuskure shi ne famfon ruwa. A ƙafar injin, wato ɓangaren da ke shiga ruwa, akwai wata 'yar roba mai fukafukai da ke tura ruwa sama ya sanyaya shi. Robar da ta shekara goma sha biyar a bushe ta riga ta mutu, ko da ta yi kyau a ido. Ni ban canza ba. Injin ya tashi, ina ta murna, ban ankara ba sai ƙaurin fenti, kan injin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Da na kwance, fukafukan sun gutsuttsure sun toshe hanyar ruwan, da waya na riƙa zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, kuma ya ƙone. Sayi sabuwa ka sa tun kafin gwaji, kuma kada ka taɓa tayar da shi a bushe, ko na daƙiƙa goma. Cika duro da ruwa har ya rufe famfon, in ya tashi ka tabbatar ruwa yana fesowa ta bayan ƙafar.

Man giya ma ka zubar. In ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai ka canza sil, wato robar da ke hana ruwa shiga. Sabon kuma ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama.

Kafireta ba ta da wuyar sha'ani: kwance, wanke, hura ramukan, sa sabbin robobi. Tsohon tiyo ka jefar, fetur na yanzu mai gaurayen etanol cinye shi yake yi. In babu wuta a filogi, yawanci kwayil ne ya tsattsage a ƙarƙashin fulawil, ka haɗa da kondansa ka canza. An daina ƙera Evinrude a 2020, amma kayan waɗannan tsofaffin suna nan ana samu, muddin kana da lambar da ke jikin farantin injin.

Naka inji ne da ake gauraya masa mai da fetur. Ƙirar 1968 ma'auninsa 50 da 1 ne, wato milimita 400 na man injin jirgin ruwa samfurin TC-W3 a lita 20 ta fetur. Waɗanda aka yi kafin 1964 ne ke shan 24 da 1, kada wani ya rikita ka.

Ranar fitar farko ka tsaya kusa da gaɓa, da rigar ceto a jikinka, da filafili, da fil na farfela guda biyu a aljihu, domin in farfela ta daki dutse shi ne ke karyewa. Ka turo mana hoton allon bayan nan da lambar injin, mu ga abin da ke ƙasa kafin ka kashe kuɗi.