Yaya ake gane shekarun tsohon cocin ƙauye a Ingila?

Tambaya: Malam, na shiga wani tsohon coci a ƙauyen Ingila. Allon bakin ƙofa ya ce ginin ƙarni na 12 ne, amma tagoginsa manya-manya ne, ba su yi kama da na wancan zamani ba. Wanne zan gaskata?

Amsa: Ka gaskata duka biyun. Da wuya ka sami cocin ƙauye da aka gina gaba ɗaya a zamani guda. A al'adar da, gyaran ɓangaren gabas, inda bagadi yake, yana wuyan limamin cocin, babban zauren jama'a kuma yana wuyan mutanen gari. Kowa yakan gyara nasa idan aljihu ya yi nauyi, shi ya sa sassan ba sa zama sa'annin juna.

Taga ita ce ta fi ruɗin baƙo, domin sau da yawa tsohon bango ake fasawa a saka sabuwa. Fara da ƙofa, musamman ta kudu. Idan bakanta zagaye ne kamar rabin wata, da sassaƙar zane mai lanƙwasa kamar haƙoran zarto, bangon kuma kaurinsa ya kai wajen mita ɗaya, to aikin Normawa ne, waɗanda suka ci Ingila a 1066. Cocin Kilpeck da ke Herefordshire, na wajen 1140, shi ne misali mafi kyau a ganina: ƙofarsa cike take da macizai da tsuntsaye da ganyaye, duk a jan dutse.

Taga siririya mai tsini a sama ta ƙarni na 13 ce. Wadda duwatsun samanta suka yi ta murɗewa kamar rassa, ta farkon ƙarni na 14. Irin da ka gani kuwa, mai faɗi, da sandunan dutse miƙe tun daga ƙasa har sama, ta yaɗu ne bayan babbar annobar da ta afka wa Ingila a 1348. Attajiran ulu da tufa sun zuba dukiya a wannan salo. Dubi cocin Long Melford a gundumar Suffolk, wanda aka sake ginawa a ƙarshen ƙarni na 15, gilashi ya kusa cinye bango.

Hattara da gyaran ƙarni na 19. Idan gefen dutse kaifi ne sumul, babu cin iska da ruwa, mai yiwuwa kwaikwayo ne. Irin wannan gyara mai shafe tarihi ne ya sa William Morris, mai zane kuma marubuci ɗan Ingila, ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877.

Ka kuma duba abin da ke tsakanin duwatsu. Magina na da farar ƙasa suke kwaɓawa da yashi, tana da laushi, danshi na fita ta cikinta. Inda aka cike da siminti, ruwa ba ya samun hanya sai ta cikin dutsen, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓare. Duk wanda ya ga an yaɓe ginin ƙasa da siminti ya san wannan ciwo.